Filin Mata: Yankan Fure Da Ajiye Shi A Ɗaki

Makon nan zancenmu na fure ne, watau yadda mace za ta yanko shi daga lambu ko gindin danga, ta sa a kwalba ta ƙawata ɗakinta, ya kuma yi kwanaki bai yanƙwane ba.

Na san wata za ta karanta wannan ta taɓe baki, ta ce, "Fure kuma? Miya a ke yi da shi?" To, ba ta yi laifi ba. Mu Hausawa tun kaka da kakanni ba mu cika kula da fure ba sai in da ɗa a bayansa. Furen wake da na kabewa muna murna da su don mun san abin da ke tafe, wanda ba ya haihuwa kuwa har karin magana mu ke yi da shi, mu ce ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya. Amma ku duba, macen da ta iya jeren kwalla da langa, ta yi wa gado ado, ta turare ɗaki, ai ta riga ta san daɗin abin da ido ke so. Fure kuwa ya fi su duka araha, ga ƙanshi. Sai dai yana da sharuɗɗa, in ba a bi su ba a yi wahalar banza, wani lokaci ma a jawo wa gida cuta.

Kunyar da na sha

Shekarun baya, da za a kai 'yar ƙanwata ɗakin miji a Jos, aka ɗora mini gyaran ɗakin amarya. Ku kuwa kun san Jos tudu ce mai sanyi, wardi yana yin kyau a can fiye da sauran garuruwanmu. Gidan akwai shi ja da fari a tsakar gida. Da muka gama jere wajen azahar, rana na tsakiya, na ɗauki wani tsohon almakashi na yanko dami guda. Na riƙe su a hannu ina ta gaisawa da baƙi, sa'an nan na cusa su da ganyensu duka cikin wata kwalba da na ɗauraye sama-sama. Na ɗora bisa tebur gaban taga, kusa da farantin ayaba, ga kaskon turaren wuta a ƙasa yana ta hayaƙi. Na koma gefe ina yaba kaina.

Bayan magariba dangin ango suka shigo ganin ɗaki. Ko da na waiwaya, ashe furannin nan duk sun sunkuyar da kai kamar kazar da ruwa ya doka. Gwaggon ango ta dube su, ta ce, "Waɗannan kuwa na zubarwa ne aka manta?" Kai, ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Da asuba na tarar da tsohon da ke yi wa lambun gidan ban ruwa, na ce, "Baba, furenka ba shi da ƙarko." Ya yi dariya, ya ce, "A'a, 'yata, fure ba shi da laifi. Kin yanke shi yana jin ƙishirwa, kin bar shi ya shaƙi iska, kin ba shi ruwa a ƙazamin mazubi, kin kuma ajiye shi a rana. Ko ɗan mutum aka yi wa haka ai ya kwanta." Ya karɓi furannin, ya tsoma gindinsu cikin daro, ya datse inci guda daga ko wanne a ƙarƙashin ruwa, ya kwantar da su ciki a inuwa. Kafin hantsi fiye da rabinsu sun ɗago kai. Tun daga ran nan na shiga bin wannan abu a hankali.

Abin da ke kashe fure

A cikin karan ko wane fure akwai waɗansu 'yan hanyoyin ruwa, sirara ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, ganye kuma yana fitar da shi cikin iska dare da rana, kamar yadda randa ke gumi. In kin yanke kara, ganyen ba ya daina fitar da ruwa, sabo da haka sai gindin ya zuƙi iska maimakon ruwa, iskar ta toshe hanya. Wannan shi ne maƙiyi na farko. Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta da ke hayayyafa cikin ruwan kwalba, su yi yauƙi su liƙe bakin kara. Su ne ke sa ruwan ya yi duhu ya yi wari. Na uku zafi da busasshiyar iska. Na huɗu yunwa, gama furen da aka raba da uwarsa ba shi da mai ba shi abinci. Duk dabarun da za ku ji a ƙasa, maganin waɗannan huɗun ne.

Lokacin yanka

Ki yanki fure da sassafe, bayan sallar asuba kafin hantsi, lokacin nan kara ya ƙoshi da ruwan da ya sha da dare. In safiya ta kuɓuce miki, ki jira sai bayan la'asar sakaliya. Da rani kuwa ki yi wa shukar ban ruwa tun daren jiya. Kada ki fita hannu sake, ki tafi da bokiti mai tsabta da ruwa kamar rabinsa, ko wane kara kika yanka ki tsoma shi nan take. Wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza ta fi almakashi mai dakushi, don shi matse kara ya ke yi ya murƙushe hanyoyin ruwa. Ki yanka a karkace, ki bar kara da tsawo, gama za ki riƙa rage shi nan gaba.

Ki tuna da uwar kuma. Ki yanka daidai saman wurin da ganye ya fito, daga nan sabon reshe zai tsiro. Kada ki aske shuka guda ƙwal, ki ɗauki kaɗan nan kaɗan can. Furen lemo da na gwaiba da na mangwaro ki ƙyale su, kowa ya yanke su ya yanke 'ya'yan bana. Furen maƙwabta ko na ofis ko na makaranta kuma ba a taɓa shi sai da izini.

Ko wane fure da halinsa

Wardi a kan yanke shi sa'ad da ƙullin ya fara buɗe baki, ganyen waje ɗaya ko biyu sun saki. In ya yi ƙanƙanta ba zai buɗe a kwalba ba, in ya buɗe sarai kuwa gobe zai zube. Ki yanka saman ganyen nan mai 'yan ganye biyar.

Ziniya, mai launi iri iri da ke yabanya da damina, ita sai ta buɗe sarai, don ba ta ƙara buɗewa bayan yanka. Ki kama karan kamar taƙi guda ƙasa da furen ki girgiza. In kan ya yi ta lilo, ba ta nuna ba, ki bar ta. In ya tsaya ƙyam, ki yanka. Ita da marigol, mai ruwan ƙwai da ruwan goro, su ne abokan talaka, gama suna jure zafi, su kan yi mako guda a kwalba, kuma yawan yankansu shi ke sa su ƙara fure. Sai dai ganyen marigol yana saurin ɓata ruwa, ki tsige shi sosai.

Giladiyolas, mai ganye kamar takobi, ɗan'uwan rumana ta daji, furanninsa a jere su ke daga ƙasa zuwa sama. Ki yanka in na ƙasa ɗaya ko biyu sun buɗe, sauran za su bi a ɗaki. Ki bar wa uwar ganye huɗu don albasar da ke ƙasa ta yi ƙwari. Ki tsai da shi a miƙe, in ya kwanta kansa lanƙwashewa ya ke yi yana neman sama.

Boganbiliya, wadda ke hawa katanga da fure kamar takarda, tana da kyau amma ba ta da haƙuri. Ki tsige koren ganyenta duka, ki nutsar da reshen gaba ɗaya cikin daro kamar sa'a guda kafin ki jera. Haibiskas kuwa dangin yakuwa ne da rama, kuma kamar furen kuɓewa, kwana ɗaya ya ke yi, ko da ruwa ko babu. Kada ki wahal da kanki, ki tsinko shi da safe ki ɗora a faranti, da dare ki zubar.

Kada kuma mu raina namu na gida. Furen lalle ƙanana ne, amma reshe biyu sun isa su cika ɗaki da ƙanshi. Ɗaɗɗoya da na'ana'a suna yin kyau a tsakanin furanni, har saiwa su kan fitar a ruwa. Jajayen kawunan yakuwa da kaka, kafin a ɓare su a yi zoɓo, suna daɗewa ƙwarai. Farin bado a kan sa shi ya yi iyo a faffaɗar tasa, da dare ya ke buɗewa ya rufe kafin rana ta take. Amma kada ki aiki yara cikin kududdufi su ciro shi, sabo da tsargiya.

Gyara da shayarwa

Da kin dawo gida, ki zauna a inuwa. Ki tsige duk ganyen da zai shiga ruwa, ko guda kada ki bari, gama shi ne ke fara ruɓewa. Ki rage na sama ma, musamman da hunturu. Sa'an nan ki sake datse inci guda daga gindi, in da hali a ƙarƙashin ruwa, don wurin da ya shaƙi iska ya fita. Reshe mai itace, kamar na lalle, yanka mai kyau ya ishe shi, kada ki daddaka gindin da dutse kamar yadda waɗansu ke yi. Wanda ke fid da farin ruwa kamar nono kuwa, ki tsoma bakin gindinsa cikin tafasasshen ruwa gwargwadon ƙirga ashirin, ki kare furen daga tururi da tsumma, sa'an nan ki mai da shi ruwan sanyi.

Bayan wannan kada ki yi garaje. Ki tsai da su cikin bokiti mai zurfi, ki kai gindin randa ko wani lungu mai sanyi da duhu, su sha ruwa sa'a uku ko huɗu, ko ma su kwana. In baƙi za ki yi da rana, tun jiya da yamma za ki yanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mazubi da ruwa

Ba sai kin sayi kwalbar fure ta kanti ba. Kwalbar zuma ko ta man shafawa mai faɗin baki, ko moɗa, ko ƙaramin tulu, duk suna yi. Tulun ƙasa yana sanyaya ruwa, amma yana tsattsafowa ya ɓata tebur, kuma wuyar wankewa gare shi. Dabara ita ce ki zura kwalba a cikinsa, ruwa a kwalba, ado a tulu. Haka za ki yi da kayan tagulla irin na Bida, don tsamin da za mu sa a ruwa yana cin ƙarfe. Tukwane masu sulɓi da aka gasa da wuta mai ƙarfi su ba su yoyo. Irinsu aka riƙa yi a makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, matar nan da hotonta ke bayan takardar naira 20. Wadda ta gaji irin wannan tukunya ta riƙe ta da kyau.

Ko wane mazubi ne, ki wanke shi da sabulu da soso har ciki. Ma'auni a nan shi ne, in ba za ki iya shan ruwa da shi ba, bai isa a sa fure ba. Ruwan ma haka, wanda ku ke sha shi za ki ba shi. Ruwan sama ya fi kowanne. Na rijiya in ya yi gurɓi ki bar shi ya kwanta ki tace. Ruwan zartsi ba ya yi, kada kuma wata ta ruɗe ki ki sa gishiri ko kanwa.

Abincin fure

Ga haɗin da za ki yi da abin da ke gidanki. Ki auna ruwa lita 1, watau kimanin kofin shayi 4. Ki zuba ruwan lemun tsami da aka tace babban cokali 2, da sukari babban cokali 1, ki motsa. Sa'an nan ki ƙara rabin ƙaramin cokali na ruwan nan mai farar da tufafi, irin su Jik ko Hypo. Sukari shi ne abinci, shi ke sa ƙulli ya buɗe launi ya tsaya. Tsami yana sa ruwa ya hau kara da sauƙi. Na ukun kuwa shi ke kashe ƙwayoyin cuta.

Abu biyu za ki kiyaye. Kada ki haɗa lemun tsami da ruwan farar da tufafin su kaɗai a kofi, gama suna tayar da wata iska mai shaƙe mutum, ko wanne cikin ruwa mai yawa za ki zuba shi. Na biyu, in ba ki da ruwan farar da tufafi, to, ki bar sukarin ma, don sukari shi kaɗai ƙwayoyin cuta zai ciyar. Ruwa zalla da a ke sakewa kullum ya fi shi. Ki goge bayan kwalba don kada kiyashi ya bi zaƙi. Zancen jefa kwabo ko ƙwayar maganin ciwon kai cikin ruwa kuwa, kada ki dogara da shi, ba ya maye gurbin tsabta.

Jere

Tsawon fure mafi tsawo ya zama kamar tsawon kwalba ɗaya da rabi. Ki fara da ganye, sa'an nan manyan furanni masu duhun launi a ƙasa da tsakiya, ƙanana da masu haske a sama da gefe. Kada ki cusa su kamar damin kara, ki bar musu wurin shan iska. In bakin mazubi ya yi faɗi suna faɗuwa, ki zuba tsakuwa wankakkiya a ciki, ko ki gicciya tsinke huɗu a baki. Launi biyu ko uku sun isa. Wardi guda ɗaya tak a siririyar kwalba ya fi tarkace ashirin kyau.

Inda za ki ajiye

Sanyi shi ne ran furen da aka yanke. Manoman wardi na bakin tafkin Naibasha a ƙasar Kenya, da sun yanka sai su kai ɗakin sanyi, daga nan jirgin sama ya kwashe zuwa babbar kasuwar fure ta ƙasar Holan, ya isa kantunan Turai garau. Mu da ba mu da ɗakin sanyi, sai mu nemi wurin da ya fi sanyi a ɗaki. Ban da gaban taga mai rana, ban da kusa da murhu ko fitila ko bisa talabijin, ban da saitin fanka. Da hunturu ki kawar da shi daga bakin ƙofa, ki riƙa yayyafa wa ganye ruwa kaɗan. Da bazara kuwa ki sani kwanakinsa za su ragu kome dabararki, amma in kin fitar da shi tsakar gida da dare, ko gindin randa, zai ƙara kwana.

Kada ki haɗa fure da 'ya'yan itace wuri ɗaya. Ayaba da mangwaro da tumatir in suna nuna su kan fitar da wata iska da ido ba ya gani, sunanta itilin. Ita ce ke sa ayaba guda nunanna ta nunar da sauran in an rufe su tare, ita ce kuma ke sa fure ya tsufa da wuri ya zube. Wani masani a ƙasar Rasha, Dimitri Nelyubob, shi ya fara gane aikinta a 1901, da ya ga iskar gas ta fitilu tana karkatar da tsiron wata shuka dangin wake. A 1934 kuma aka tabbatar a Ingila cewa 'ya'yan itace da kansu suna fitar da ita. Akwai ta cikin hayaƙi ma, na itace da na taba da na janareto. Sabo da haka in za ki turare ɗaki, ki fitar da kwalbar tukuna, hayaƙi ya lafa ki mayar.

Kullum da safe ki duba ruwa, gama ranar farko fure ya kan sha da yawa. Bayan kwana biyu ki zubar, ki wanke kwalba, ki datse rabin inci daga ko wane kara, ki zuba sabo. Wanda ya mutu ki zare shi don kada ya ja sauran. Wanda ya sunkuya tun kwanansa bai kai ba, ki yi masa irin na Baba mai lambu, da ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri.

Sauro a cikin kwalba

Yanzu ga maganar da ta fi duk na baya nauyi. Akwai wani sauro baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana. Dabam ya ke da mai kawo zazzaɓin cizon sauro da muka saba da shi. Shi wannan ruwan da ke zaune a mazubi cikin gida ya ke so, kwalbar fure kuwa ɗaki ce aka share masa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 ne zuwa 10. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara a cikin gari, da zazzaɓin dengi.

Ku ji abin da ya faru a Panama. Faransawa sun fara haƙa babbar hanyar jiragen ruwa a can a 1881, ma'aikata dubbai suka mutu da zazzaɓi. A asibitinsu a kan sa ƙafafun gadon majiyyata cikin kwanonin ruwa don hana tururuwa hawa, a kuma kewaye shuke-shuken lambu da kasaken ruwa. Ashe sauron a ke kiwo a gindin marasa lafiya ba a sani ba. Sai a 1900 likitoci suka tabbatar a ƙasar Kuba cewa sauro ne ke ɗaukar cutar, kamar yadda wani likitan ƙasar, Karlos Finlay, ya faɗa tun 1881.

Kada wata ta ce wannan labarin nesa ne. Shawara ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2017, an kuma tabbatar da dengi a Sakkwato a 2023. To, maganin mai sauƙi ne. Kada ruwa ya wuce kwana biyu a kwalba. Zubarwa kaɗai kuma ba ta isa ba, gama ƙwan a jikin mazubi ya ke liƙewa daidai bakin ruwa, yana iya yin watanni a bushe, ran da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Sai an goge da soso. In kin ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ki zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa cikin rana. In za ki yi tafiya, ki zubar da furen ki kife kwalba. Ki tabbata kuma an yi wa yaranki allurar shawara, wadda a ke yi wa jariri a wata tara, sau ɗaya ta isa har iyakar rai. Rigakafi ya fi magani.

Kyan ɗan maciji

Ba ko wane fure ne ke shiga ɗakin da yara su ke ba. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ja ko fari, wadda a ke shukawa a bakin titi da harabar ofisoshi, dafi ce tun daga saiwa har fure, tana taɓa zuciya, har ruwan da ta kwana a ciki ba shi da aminci. Ɗan'uwanta mai rawayan fure kamar bakin kakaki haka ya ke, 'ya'yansa ma sun fi muni. Ƙariya, mai kaurin gindi da fure mai kyan gaske da rani, da ruwanta maharba ke dafa kibiya. Zaƙami kun san sunansa na biyu, haukata-yaro. Nonon tumfafiya kuwa in ya shiga ido yana yi masa lahani. Waɗannan ki bar su inda Allah ya tsirar da su. In an sare reshensu kada a jefa wa awaki, kada a sa a murhu, kada a yi tsinken tsire da su. In yaro ya ci wani abu daga cikinsu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran alama, a ɗauke shi zuwa asibiti tare da reshen don likita ya gani.

Haka kuma kwalbar da kika sa haɗin nan na sukari, ki ɗora ta inda hannun mai rarrafe ba ya kai. Ki wanke hannu bayan kin sake ruwa, kafin ki taɓa abinci. In za ki kai wa majiyyaci fure a asibiti ki fara tambaya, don akwai ɗakunan da ba a yarda a shiga da shi ba. Mai ciwon asma ma a nisanta masa mai ƙarfin ƙanshi.

In kwanan fure ya ƙare, ganyen wardi ki shanya a inuwa ki zuba cikin adakar tufafi, sauran ki kai ramin taki. Ki bar ziniya da marigol biyu ko uku su bushe a jikin uwarsu, ki murje irin ki ƙulle a takarda, damina mai zuwa ba sai kin roƙi kowa ba, har ki sam ma maƙwabciya.

To, 'yan'uwa, gani ya kori ji. Gobe da asuba ko wacce ta ɗauki bokitinta ta gwada da kara biyar kawai, ta ƙirga kwanakin da za su yi. Wadda ta san wani fure na garinsu da ke daɗewa a ruwa, ta rubuto mana sunansa da yadda ta ke yi da shi, mu buga don sauran su amfana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.